Kujerar Hagu

A gidan Mai Guduma an fi shekara ana yi wa Tabarau satar amsa, kuma ubanta ne ɓarawon. Ba a ɓoye yake yi ba. A tsakiyar falo yake yi, kowa na zaune, ana shan shayi ana dariya.

Mai Guduma bugun mota ne sana'arsa. In mota ta yi karo ta lotse, shi ake kai wa ya daddake ta har ta dawo kamanninta. A gareji Mai Guduma ake kiransa, a gida Baba, ranar Lahadi da yamma kuwa ba ya amsa kowane suna sai Alƙali. 'Ya'ya uku ne a gabansa. Akwai Yaya, babbansu, direban tasi. Akwai Tabarau, wadda gilashin idonta ya cinye sunanta tun tana firamare, tana koyon gyaran waya a wani shago a bakin kasuwa. Sai Auta, wanda ya gama sakandare yana jiran sakamako, ba abin da yake yi sai ci da tsawo.

Wanke-wanke ne ya haifi gasar. Wanke-wanken gidan kuwa ba na wasa ba ne, don ban da kwanuka da tukwanen gida, yaran gareji ma daga tukunyar Mama suke ci. Kullum da yamma a dawo da kulolinsu, ciki maiƙon miya, waje baƙin man inji, a jibge a bakin famfo. Famfon kuma ba ya kawo ruwa sai gari ya waye sosai, ya ɗan zuba ya ɗauke. Duron da ake tara ruwa a ciki Baba ya ara ya kai gareji, aron da ya ƙi dawowa. Mama na fama da ciwon baya, likita ya hana ta sunkuyo. Dole ɗaya daga cikin yaran ya tsaya kowace safiya, kuma kowace safiya sai an yi faɗa.

Ranar da Baba ya gaji, ya tara su ya ce a gidansa babu aikin mace babu aikin namiji, ƙwaƙwalwa ce za ta raba gardama. Kowace Lahadi zai yi musu tambayoyi, irin waɗanda yake tsinta a rediyon gareji da bakin kwastomomi. Ya kawo gwangwani cike da notocin taya. Amsa daidai, noti guda. Wanda ya fi tara noti ya riƙe rimot ɗin talabijin har mako ya zagayo, wanda ya zo na ƙarshe ya riƙe soso. Ya raba wa kowa kofin ƙarfe da cokali, wanda ya riga bugawa shi ke da bakin amsa. Tabarau ce ta fi kowa murna da wannan doka. Ita ce ma ta zauna ta goge notocin da kananzir don kada su ɓata kujeru.

Baba bai bar gareji ya huta da labarin ba. Duk wanda ya kawo mota sai ya ji cewa akwai gida ɗaya a unguwar nan da ake adalci, inda saurayi da gashin bakinsa zai tsuguna ya wanke tukunya in kansa bai ja ba. Kwastomomi su yi ta jinjina masa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko hakan ya taɓa faruwa.

Matsala ta farko kunne ne. Shekarun da Baba ya yi yana dukan ƙarfe sun kashe masa kunnen hagu murus. Kowa a gidan ya sani. In Mama na son wani abu a wurinsa ta dama take zagayawa, in kuma mita take son yi ta huce, sai ta koma hagu ta yi ta zazzaga masa yana gyaɗa kai. Mutum ɗaya ne bai yarda kunnen ya mutu ba, shi ne mai kunnen. In an ce masa ba ya ji, sai ya ce shi da yake gane motar kowa da ƙarar injinta tun kafin ta shawo kwana.

To a falon nan Auta ne a dama. Nan yake zama tun yana ƙarami yana hawa hannun kujerar Baba. Yaya na fuskantar Baba. Tabarau kujerar hagu ta samu, ta kusa da ƙofar kicin. Sai a yi tambaya, ta buga kofi kafin Baba ya rufe baki, Auta ya gama hamma ya buga nasa, Baba ya nuna shi da yatsa ya ce Auta ya riga. In ta ce Baba ai ni na fara, sai ya ce Alƙali da abin da kunnensa ya ji yake aiki. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Da kunne ne kaɗai, da da sauƙi. Tabarau ta koyi dukan kofi kamar mai kiran a kawo ɗauki, har kofinta ya lotse, Baba ya kai shi gareji ya buge ya dawo mata da shi. Amma ranar da aka ji ta ma, amsar tata sai ta tarar da wani shingen. Amsoshin duk a kan Baba suke, kuma suna da halin sauyawa gwargwadon bakin da suka fito.

An tambayi ƙafafun gizo-gizo nawa ne, Auta ya ce shida, Baba ya ce ya yi kusa, ya ba shi noti na ƙoƙari. An tambayi ko jemage tsuntsu ne, Tabarau ta ce a'a, haihuwa yake yi yana shayarwa. Baba ya ce ba a tambaye ta sirrin iyalinsa ba, duk abin da ya tashi sama da fiffike tsuntsu ne. Yaya ya ce to jirgin sama fa. Aka yi dariya har Mama ta ƙware da shayi, noti ya koma gwangwani. Can wani makon Baba ya manta ya sake kawo jemagen, Auta ya ce ba tsuntsu ba ne, ya karɓi notinsa salin alin. Shi Yaya ba ya cikin haɗari, don ba a tashi Baba bai sako tambayoyin mota da na titi ba, shi kuma ya kwashe su ya zauna a tsakiya lafiya lau.

Wadda ta fi tsaya wa Tabarau a rai ita ce ta sauro. Baba ya gyara zama ya tambaya, tsakanin namijin sauro da macen, wanne ne ke cizon mutum. Ta daki kofi har Mama ta toshe kunne. Ta ce macen. Baba ya kalli silin na ɗan lokaci, sannan ya juya dama.

"Auta, kai me ka ce?"

"Namijin, Baba."

"Dalili?"

"Shi ne ke fita nema."

Baba ya miƙa masa noti ya ce yaron nan akwai tunani. Tabarau ta zaro waya ta ce a duba. Nan take aka kafa sabuwar doka, ba waya a kotu. Baba ya ce ita ce ke buɗe cikin wayoyin nan tana taɓa musu hanji, wa ya san abin da ta koya musu su faɗa. Ta ce to a tambayi Mai Kemis na bakin layi. Baba ya yarda, aka ɗunguma gaba ɗaya har da Mama tana jan ƙafa. Mai Kemis ya ce macen ce, jinin take buƙata saboda ƙwai. A hanyar dawowa Baba ya ce mutumin da ke sayar da maganin sauro ba ya zama shaida a shari'ar sauro, cinikinsa yake karewa. Ita kanta Tabarau sai da ta yi dariya. Washegari tana bakin famfo.

Gyaran waya aikin yatsa ne. Kusoshin cikin waya ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da ɗan hantsaki ake ɗaukarsu, hannu na rawa aiki ya ɓaci. Garin sabulu da man inji suka cinye mata fatar yatsu, suka tsattsage. Ta fara naɗa filasta. Filasta kuma ba ya jin abu, sai kusa ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ka ga Tabarau a ƙarƙashin tebur da fitilar waya tana rarrafe. Wata rana tsagar yatsanta ta buɗe tana rufe wayar wata mata, ɗigon jini ya maƙale a ƙarƙashin gilashi. Matar ta dawo tana faɗa wai an yi mata wani abu a waya. Sai da Oga ya sake buɗewa ya goge a gabanta yana ba ta haƙuri.

Oga, mai shagon, ba mugun mutum ba ne. Shi ya ga hannunta na da kyau ya ba ta tebur nata na kanta, ya fara koya mata aikin dalma a kan injin waya, aikin da shi ne ke raba mai gyara na gaskiya da mai canja batir. Amma da safe yake koyarwa, kafin kasuwa ta cika. Ita kuma sai ta gama da kuloli, ta wanke hannu, ta bi layin mota, ta iso rana ta take. Abokan aikinta suka raɗa mata Manaja. Tana shigowa su miƙe tsaye su ce Manaja ta iso, a kawo mata ruwa.

Ta kai kuka wurin Mama. Mama ta ce ta sani, ita ma tana da ido, amma Auta in ya taɓa kwano sai ya fashe, gara a bar wa wadda ta iya. Kuma babanku wasan nan shi ne kaɗai nishaɗinsa, kada ki ɓata masa. Ta je wurin Yaya, ya ce shi fa bai taɓa zuwa na ɗaya ba bai taɓa zuwa na ƙarshe ba, don haka ba shi da ta cewa, ta riƙa buga kofin da ƙarfi. Auta ya ce, "Anti, ni fa ba ni ke yanke hukunci ba. Noti ake ba ni, in ƙi karɓa?" Wata safiya tausayi ya kama shi ya zo zai taya ta ɗauraya, ya saki farantin tangaran ɗin Mama ya tarwatse. Mama ta kore shi da tsintsiya. Tabarau ta ga yadda ya koma ɗaki yana fito, ta kasa gane ko suɓucewa farantin ya yi.

Sau ɗaya ta gwada tafiyarta ta bar kayan a jibge. Da ta dawo ta tarar an wanke komai tas, Mama na kwance ruf da ciki tana nishi, ɗaki na warin man zafi. Yaya ya fita aiki, Auta ya ce shi bai ji lokacin da ruwa ya zo ba, Baba ya ce wanda doka ta hau kansa ya gudu, laifin wa ke nan. Daga ranar ba ta sake gwadawa ba.

Wata ranar Juma'a Oga ya jira sauran sun fita cin abinci, ya ja kujera ya zauna kusa da teburinta. Ya ce akwai wata yarinya, 'yar abokinsa, da ta daɗe tana jiran wuri, shi kuma ba zai iya ajiye tebur fanko rabin yini ba.

"Litinin in na buɗe shago ba ki nan, tebur ya bar hannunki. Ba faɗa muka yi ba."

Washegari ta bi ta gareji. Ta tarar da Baba a gindin wata mota yana dukan ƙofarta, mai motar na tsaye. Ta zagaya ta dama, ta jira guduma ta sauka. Baba na ganinta ya washe baki, ya ce wa mai motar ga ta nan, ita ce nake ba ka labari, gilashi har biyu a fuska amma kullum ita ce ta ƙarshe. Mai motar ya yi dariya. Ta ja Baba gefe ta faɗa masa maganar Oga dalla-dalla, ta roƙe shi ko na mako ɗaya ne a ɗauke mata soso.

Baba ya saurara da kyau, ba za a ce bai ji ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce shi ma abin ya dame shi, amma in ya lanƙwasa doka saboda ita, da wane ido zai kalli Auta, kuma me zai ce wa mutanen da yake ba labarin adalcin gidansa. Ya dafa kanta da baƙin hannunsa ya ce hanya a buɗe take, ta dage gobe ta ci. Ta ce to, a dawo da duro gida mana. Ya ce akwai tsohon mai a ciki.

Ranar Lahadi tun kafin Mama ta sauke shayi Tabarau ta ɗauki kofinta da cokalinta ta je ta zauna a kujerar dama. Auta ya shigo ya tsaya a kanta ya ce ta tashi, wurinsa ne. Baba ya shigo da gwangwani, ya ga abin da ake ciki, ya buɗe baki zai yi magana. Ta riga shi, cikin ladabi.

"Baba, ai kujera kujera ce, tunda kunnuwan Alƙali duka biyun suna ji."

Yaya ya sunkuyar da kai yana dariya a cikin kofinsa. Baba ya yi gyaran murya ya ce ƙwarai kuwa, Auta ya koma can.

Abin da ya biyo baya gidan bai taɓa ganin irinsa ba. Launukan bakan gizo nawa ne, Tabarau ta ɗan taɓa kofi kamar mai tsoron ya fashe, Baba ya juyo, ta ce bakwai, noti. Wane wata ne ya fi ƙarancin kwanaki, noti. Auta a hagu yana jibgar kofi yana kiran Baba, Baba, ni na riga, Baba ko gezau. Ya tashi tsaye ya buga, ya buga da hannu biyu, har cokalin ya lanƙwashe. Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce yau ɗan gata ya ɗanɗana. Yaya ya kwashe tambayoyinsa na mota kamar kullum. Tabarau ta jera notocinta a kan gwiwa, ta ji yatsunta sun daina zugi.

Sai Baba ya fara ƙifta ido. Ya ce hasken tagar nan yana shigar masa ido, Alƙali ba ya aiki a haka. Ya miƙe ya ɗaga kujerarsa ya juya ta gaba ɗaya, ya fuskanci bango, ya ba Yaya baya. Ya zauna. Auta ya dawo dama, Tabarau ta koma hagu, ba tare da ɗayansu ya motsa ba.

Yaya ya ce shi yanzu ƙeyar Alƙali zai riƙa ba amsa ke nan. Aka sake fashewa da dariya. Tagar kuwa labule a sake yake tun rana.

Daga nan kofin Tabarau ya koma bebe. Auta ya yi ta karɓar noti, na daidai da na kusa da na ƙoƙari. Da gwangwani ya kusa ƙarewa aka ƙirga, Yaya na gaba, Tabarau da Auta kunnen doki. Baba ya ce saura tambaya ɗaya ta raba gardama, ba bugun kofi, kowa ya faɗi tasa a ji. Ya ɗaga noti sama.

"Haƙora nawa ne a bakin babban mutum?"

"Talatin da biyu," in ji Tabarau.

Auta bai yi sauri ba. Aka ga kumatunsa na motsi, yana bin haƙoransa da harshe. Da yake na can ƙurya ba su fito masa ba tukuna, ya ce ashirin da takwas.

Baba ya riƙe notin bai ba kowa ba. Tabarau na ganin gefen fuskarsa, kuma ta san fuskar ubanta. Ya san amsar. A rediyo ya ji ta, shi ya sa ya kawo ta. Ya kalli filastan da ke yatsunta, ya kalli hannun Auta. Sannan ya ce bari a yi bincike, ya sa yatsa a bakinsa ya fara ƙirgawa, sama da ƙasa. Ya zare yatsa ya ce ashirin da takwas cif, shi kuma in ba babban mutum ba ne a faɗa masa.

Tabarau ta ce, "Baba, huɗu fa aka cire maka. Mama ce ta raka ka."

Baba ya ce tambaya ya yi a kan abin da ke cikin baki, ba abin da ke kwandon sharar likita ba. Ta ce to a ƙirga nata. Ya ce bakin mai ƙara ba ya zama shaida. Ta ce to na Auta fa. Ya ce na Auta ya dace da na Alƙali, shaida biyu ke nan. Ta juya wurin Yaya ta ce don Allah ya buɗe baki a ƙirga nasa, shi ba mai ƙara ba ne. Yaya ya kalli ƙeyar Baba, ya kalle ta, ya dafe bakinsa da tafin hannu. Ta cikin yatsu ya ce kada a sa shi a ciki. Mama ta tashi tana tattara kofunan shayi.

Noti ya faɗa hannun Auta. An yi dariya, amma ba ta kai ta ɗazu ba.

Akwai wani abu game da mai mataccen kunne, ba ya iya raɗa. Jim kaɗan bayan an tashi, Tabarau na kicin tana jera kuloli, ta ji Mama a ɗaki tana magana ƙasa-ƙasa, ba a jin abin da take cewa. Amsar Baba kuwa, shi a ganinsa a hankali yake yi, har bakin ƙofar gida ana ji. Ya ce ya sani talatin da biyu ne, shi ba jahili ba ne. Amma yaran gareji su ji cewa Auta ne ke wanke musu kuloli, yaron da gobe zai zauna a kansu, da wace fuska. Ita mace ce, ta saba, hannunta ya riga ya faɗa. Oga kuma barazana ce yake yi, in ta kama shi zai je da kansa ya ba shi baki.

Tabarau ta tsaya da murfin kula a hannu. Ba satar notin ce ta ba ta mamaki ba. Ta tuna ranar da ta zauna da kananzir tana goge su ɗaya bayan ɗaya.

Litinin da safe ta jira ruwa ya zo, ta wanke komai, har gindin tukwane ta kankare, don ta san in ta bari bayan wa zai hau. Baba bai je wurin Oga ba, an kawo masa mota da sassafe. Da ta isa shago ba wanda ya miƙe ya ce Manaja ta iso. Wata yarinya na zaune a teburinta tana gyara tsayin fitila. Oga ya miƙo mata ɗan hantsakinta da sukudirebobinta a cikin leda, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ta yi masa godiya.

Da yamma ta haɗa kayanta a jaka ta ce wa Mama za ta koma wurin Goggo, yayar Baba, da ke zaune ita kaɗai a ɗaya gefen gari. Baba ya ce a ƙyale ta, fushin wanda aka kayar ne, kafin Lahadi za ta dawo. Ya sa Auta ya ajiye mata kofinta a kan kujera.

A unguwar Goggo ta samu ɗan gefe a bakin wani shagon caji, tebur ƙarami da lema. Tana liƙa gilashin kariya, tana canja batir da bakin caji. Aikin dalma da Oga ya fara koya mata ya tsaya inda ya tsaya. In aka kawo wayar da injinta ya taɓu, sai ta ce a kai gaba, ta bi wayar da kallo. Yatsunta dai sun warke.

Labarin gida Mama ke ba ta a waya, tana yi tana dariya, tana yi tana nishi. Lahadin farko an zauna da Yaya da Auta. Da aka zo ƙarshe Yaya ya ga amsoshin mota ma sun fara sauya hali, ya ga soso na matsowa wajensa. Tun daga ranar ya gano cewa Lahadi da yamma ce fasinja suka fi yawa. Aka bar Auta shi kaɗai, shi ne na ɗaya shi ne na ƙarshe, Baba ya yanke hukuncin cewa na ɗaya ba ya wanke-wanke. Mama ta koma bakin famfo, ba a jima ba bayanta ya riƙe, ta kwanta.

Tabarau ta tambayi wa ke wankewa yanzu. Mama ta ce ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Alƙali ne. Yana sa sakata a ƙofar gida tukuna, ya naɗe hannun riga, ya tsuguna. Ya fasa faranti biyu. A gareji ya daina ba da labarin adalci, in an tambaye shi sai ya ce yara sun girma. Duro ma ya dawo gida, an wanke shi.

Tabarau ta ce to a gaishe shi. Mama ta ce ba za ki zo ko Lahadi ɗaya ba. Ta ce tana da aiki.

Mama ta ce har yanzu fa Baba yana tara tambayoyi. Ranar Lahadi sai ya fito da gwangwani ya zauna, Auta na dama yana danna waya, ko cokali ba ya ɗauka. Baba ya yi tambayarsa ya jira. Sai can ya juya kansa gaba ɗaya wajen ƙofar kicin, inda kofin nan da ya buge da hannunsa ke kife a kan kujera, ya ce kamar ya ji an buga. Mama kuma ta zagaya ta dama ta faɗa masa ba wanda ya buga.

An fi shekara yarinyar tana bugawa a kujerar nan bai ji ba. Yanzu da babu kowa a kanta, kowace Lahadi sai ya ji.